Tsakanin Tashi da Sauka: Doguwar Tafiya a Kan Keke da Haƙƙinta a Kan Nazarin Hausa

Gabatarwa

Lokaci zuwa lokaci akan ji labarin wani bawan Allah da ya ɗaure 'yan komatsansa a bayan keke ya nufi uwa duniya. A shekarar 2021 Aliyu Bala ya bar Jos da niyyar zuwa Makka, bai isa ƙasar Saudiyya ba sai a ƙarshen 2022. A 2023 kuma wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya taso daga Konakiri yana neman gurbin karatu a Jami'ar Azhar. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har ya kai Cadi, tafiyar kusan kilomita 4,000 a cikin wata huɗu, kafin masu taimako su haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. Kafafen watsa labarai suna son irin wannan labari, sai dai kusan kullum fuska ɗaya suke ba shi: hoton ranar tashi, hoton ranar sauka, jami'in da ya tarbi matafiyin, da kyautar da aka yi masa. Daga nan sai a rufe babi.

Ra'ayin wannan muƙala shi ne, abin da ya fi daraja a irin wannan tafiya yana tsakanin tashi da sauka, wato abin da jiki da zuciya suka ɗanɗana a hanya, da yadda mutanen da aka ratsa suka karɓi baƙo. Wannan ɓangare shi ne yake salwanta, kuma taskace shi aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa, domin a cikinsa akwai harshe, akwai al'ada, akwai kuma adabin da bai samu marubuci ba tukuna.

Ma'auni daga Badariya zuwa Argungu

Kilomita dubu huɗu adadi ne da baki ke faɗa ba tare da jiki ya fahimta ba. Kafin a gane nauyinsa sai an auna shi da tazarar da aka sani. Daga unguwar Badariya a Birnin Kebbi zuwa Argungu, ta Ambursa, tafiyar kimanin kilomita 50 ce. Mota takan cinye ta a ƙasa da awa ɗaya. Mai keke irin na gida, marar giya, wanda ya ɗora kaya a kariya, zai yi kusan awa huɗu a kan sirdi, in hanya ta yi masa kyau. Tafiyar Barry daidai take da a maimaita wannan sau tamanin.

Ko wannan 'yar gajeriyar hanya ma fuska uku gare ta, gwargwadon lokacin shekara. Argungu tana arewa maso gabas da Birnin Kebbi, ta can kuwa iskar hunturu take fitowa. Saboda haka wanda ya taso a watan Disamba ko Janairu gaba da gaba zai yi da iska, kowane taki sai ya biya kuɗinsa da ƙarfin cinya, ga ƙura a ido da maƙoshi, ga leɓɓa suna tsagewa. A watannin Maris da Afrilu iska takan lafa, zafi ya karɓi aiki. Ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 a wannan yanki, kwalta kuma ta riƙa mayar da turiri sama. Da damina iska takan juyo daga kudu maso yamma ta riƙa tura mahayi ta baya, amma ga hadari, ga laka a duk inda aka sauka daga kwalta, ga fadamar Gulbin Rima da kan cika ta tumbatsa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa ta kuma yanke hanyoyi a Jihar Kebbi. Mai mota yakan wuce duk wannan gilashi a rufe. Mai keke da fatarsa yake karanta shi.

Abin da Jiki ke Biya

Babban abokin gabar mahayi a ƙasarmu shi ne ƙishirwa. Mutumin da ke aiki tuƙuru a cikin zafi yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya ko fiye a awa guda, tare da gishirin da ke cikinsa. In ya sha ruwa zalla bai mayar da gishirin ba, jijiyoyin ƙafa sukan ɗaure. In ruwan ya yanke, sai ciwon kai da jiri, daga nan tunani ya fara rikicewa. Ruwan kuma nauyi ne: kowace lita kilo ɗaya ce a kan kariya. Mahayi kullum yana cikin lissafi tsakanin abin da zai iya ɗauka da nisan rijiya ko famfo na gaba. Yunwa ma salonta daban. Abincin da jiki ya tanada domin aikin gaggawa yakan ƙare bayan 'yan awoyi, sai ƙafa ta mutu nan take, ko da mutum yana jin ƙarfinsa ɗazu-ɗazun nan. Shi ya sa fura da ƙuli-ƙuli da dabino da garin kwaki, guzurin da matafiyanmu suka daɗe da sani, suke da hikima a cikinsu: ba su da nauyi, kuma suna riƙe ciki.

Akwai kuma wahalhalun da kunya ke hana a faɗa wa ɗan jarida. Sirdi yakan goge mazaunai har su yi ƙuraje su fashe, gobe kuma a sake zama a kansu. Tafin hannu yakan sage saboda dogon riƙo. Wuya da gadon baya da gwiwa kowanne yana da ranar da zai kawo ƙara. Zazzaɓin cizon sauro yana jiran wanda ya kwana a fili kusa da fadama, gudawa kuma tana jiran wanda ya sha ruwan da ya samu. Keken kansa yana da nasa ciwon: ƙaya ta huda taya, kaca ta tsinke, birki ya cinye, alhali mai faci na ƙarshe an baro shi a baya da nisa.

Abin da ya kamata ya ja hankalin masanin harshe shi ne yadda Hausa ta rarrabe matakan wannan wahala. Gajiya daban, jigata daban, galabaita daban. Wanda ya yi tiɓis ko ya yi liƙis ya wuce wanda ya yi laushi. Tsamin jiki sai an kwana yake bayyana. Ƙafar da ta daɗe a wuri ɗaya akan ce ta yi minjirya, da sunan kifin nan mai jan mutum wanda masuntan Kabi suka san shi sarai. Ƙamus yana iya jera waɗannan kalmomi, amma wanda ya kwana arba'in a kan sirdi shi ne zai iya faɗin wacce ke zuwa kafin wacce, da inda iyakar kowacce take. Irin wannan mai ba da bayani ba kullum ake samun sa ba.

Abin da Zuciya ke Biya

A nan ne kwatanci da matafiyan da suka gabata yake da amfani. Ƙasar Kabi ba baƙuwar doguwar tafiya ba ce. A ƙarni na 19 ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja sukan bi ta wannan yanki, su yada zango a kasuwanni irin su Jega, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, su nufi Salaga. Farfesa Mahdi Adamu, wanda shi kansa ɗan wannan jiha ne, ya bayyana wannan harka a littafinsa The Hausa Factor in West African History na 1978, haka ma Paul Lovejoy a Caravans of Kola na 1980. Ta fuskar gabas kuma akwai masu tafiya Hajji a ƙasa, waɗanda sukan shekara da shekaru suna noma da ƙwadago a hanya, har wasu suka zaune a Sudan, kamar yadda C. Bawa Yamba ya nuna a Permanent Pilgrims na 1995.

Waɗancan matafiya sun sha wuyar da ta fi ta mai keke ta fuskoki da dama, amma suna da abin da shi ba shi da shi. Suna da ayari. Akwai madugu mai yanke shawara da yin magana da sarakunan hanya, akwai jagaba da ya san mashaya da mararraba, akwai zango da aka san za a sauka, da mai masauki da ke jiran su. Tsoro in ya zo, raba shi ake yi. Mahayin keke na yau shi ne madugun kansa, shi ne jagaban kansa, shi ne kuma dabbar da ke ɗaukar kayan. Duk shawarar da ya yanke, daga wace hanya zai bi zuwa wace bishiya zai kwana a gindinta, shi kaɗai zai ɗauki sakamakonta.

Kaɗaici ke nan, kuma ya bambanta da kewa. Kewa ta gida ce da iyali, takan taso da magariba, sa'ad da hayaƙin girki ke tashi a ƙauyen da ba a san kowa ba. Kaɗaici kuwa da tsakar rana yake kama mutum, a kan miƙaƙƙiyar hanya, babu abokin magana sai ƙarar kaca. Sai zullumin abin da ke bayan kwana ta gaba. Sai kokwanto, wanda ya fi duka illa: shin wannan abu da na ɗauko yana da ma'ana, ko kuwa gaskiyar mutanen gari ce da suka ce na taɓu? Wayar hannu ta rage wani abu ta kuma ƙara wani. Tana kawo muryar iyali, amma tana kawo labarin rashin lafiyar yaro ga uban da ke nesa da kwana talatin, tana kuma ɗora masa 'yan kallo a Facebook da TikTok waɗanda za su yi masa dariya in ya juya.

Nauyi na ƙarshe shi ne zargi. Barry sau uku ana tsare shi a hanya, sau biyu a Burkina Faso, sau ɗaya a Togo, ba tare da ya aikata laifi ba. Ba abin mamaki ba ne. A yankin da 'yan bindiga suka addaba, baƙon da ya shigo gari shi kaɗai, da ƙura a jiki, yana tambayar hanya, kamannin ɗan leƙen asiri gare shi. Jihar Kebbi ma ta ɗanɗana wannan, tun daga matsalar kudancinta har zuwa harin da aka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024, ba nisa da Argungu. Mutanen da aka yi wa haka ba za a ga laifinsu ba in sun yi ɗari-ɗari da baƙo.

Wannan ne ya mayar da mai keke wani irin ma'auni na al'umma. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa karamci da haƙuri a cikin siffofin da ake auna mutum da su. Muna koyar da wannan a aji, muna kawo karin maganar da ke cewa baƙonka annabinka. To, ina matsayin karamcin a yau, a aikace? Wanda ya san amsa shi ne mutumin da ya yi sallama a ƙofar mai unguwa hamsin, ya nemi kwana a masallaci hamsin, ya ga inda aka kawo masa tuwo da inda aka kira masa 'yan banga. Haƙurin nasa ne, karamcin na mutanen hanya ne, labarin kuwa ya haɗa duka biyun.

Hujjojin Masu Suka

Akwai masu ganin cewa bai kamata jami'a ta ɓata lokacinta a kan wannan ba, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Ta farko ita ce yawancin irin waɗannan tafiye-tafiye neman suna ne da abin duniya. Suna tuna abin da ya biyo bayan tattakin Suleiman Hashimu, wanda ya taka daga Legas zuwa Abuja a 2015 domin murnar nasarar Muhammadu Buhari a zaɓe: nan da nan aka samu masu tattaki da masu hawan keke birjik, kowa da ɗan siyasar da ya nufa. Gaskiya ne an yi haka. Amma manazarcin Hausa bai taɓa ƙin nazarin waƙar fada ba don makaɗin yana jiran doki da riga. Roƙo da yabo da neman kyauta wurin manya tsohuwar al'ada ce da muka rubuta kundaye a kanta, tafiya domin ɗan siyasa kuwa sabon reshenta ne, wanda aka sauya kalangu da keke. Kuma ko mece ce niyyar mahayi, rana ba ta rage masa zafi saboda ita, abin da ya gani a hanya kuma ya gani.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: ganganci ne. Malamai suna tunatarwa cewa Hajji bai wajaba ba sai ga mai iko, kuma an yi hani ga mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai. Masu iyali suna tambaya, wa ya bar wa matar da yaran? Wannan muƙala ba ta kiran kowa ya hau keke ya ratsa dajin da jami'an tsaro ma ke shakka. Taskace labari daban, zuga mutane daban. Hasali ma labarin da ake bayarwa yanzu, mai nuna tarba da kyauta kawai, shi ne mai zugawa, domin yana ɓoye kuɗin da aka biya. Matashin da ya ji cikakken bayanin ƙurajen sirdi da kwanan caji ofis da zazzaɓi a ƙauyen da babu asibiti zai yi tunani sau biyu. Tambayar iyali kuwa ƙarin aiki take ba mu: a saurari matar da aka bari, domin ita ma ta yi tata doguwar tafiyar tana zaune a ɗaki.

Hujja ta uku ita ce hawan keke domin yawon buɗe ido al'adar Turawa ce. Lalle su suka fara rubuta shi. Thomas Stevens ya zagaya duniya a kan keke tsakanin 1884 da 1886, Dervla Murphy kuma ta taso daga Turai zuwa Indiya a 1963 ta fitar da littafinta Full Tilt bayan shekara biyu. Amma ko a Nijeriya akwai Olabisi Ajala, wanda ya hau keke daga Chicago zuwa Los Angeles a Amurka a 1952, daga baya ya zaga ƙasashe a kan ƙaramin babur ya rubuta An African Abroad a 1963, har sunansa ya zama laƙabin duk mai yawan tafiya a bakin mutanen kudu. Keken kansa ya daɗe da zama ɗan gida. Harshen ya ba shi suna fiye da ɗaya, keke da basukur da laulawa, ya yi masa laƙabi da dokin ƙarfe, ya kuma raba sunan da keken ɗinki da keken rubutu. Bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne su sun rubuta.

Aikin da ke Gabanmu

Adabin tafiye-tafiye na Hausa da muke karantarwa, irin su Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, labarin 'yan boko ne da suka je Turai suka dawo suka bayyana wa na gida abin da suka gani. Suna da darajarsu. Amma mai keke daga ƙasa yake kallon duniya, da saurin da ke barin mutum ya amsa gaisuwa. Yana jin inda Kabanci ya fara karkata zuwa Arewanci, da inda Zabarmanci da Dandanci suka fara cuɗanya da Hausa a kasuwa wajen Kamba. Sau da yawa kuma ba marubuci ba ne. Muna da misalin yadda ake yi da irin wannan mutum: labarin Dorugu ya iso gare mu ne saboda J. F. Schön ya zauna ya rubuta daga bakinsa, na Baba ta Karo kuma saboda Mary Smith ta yi haka.

Abu uku za a iya farawa da su ba tare da jiran wani babban tallafi ba. Na farko, sassan da ke koyar da Hausa a wannan yanki, daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato zuwa Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, su sa ɗalibai su nemi waɗanda suka yi irin wannan tafiya su ɗauki doguwar hira da su, zango bayan zango, a rubuta ta da karin harshen mai magana ba tare da an daidaita masa ita ba. Na biyu, a faɗaɗa ma'anar matafiyi. Dattijon da ya shekara talatin yana kai kayan koli ko bandar kifi kasuwannin mako-mako a kan keke ya tara kilomitocin da suka fi na wanda ya je Makka, ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa. Irinsu suna tsufa, babur kuma ya karɓe hanyar tun tuni, ko da yake tsadar mai tun bayan janye tallafi a watan Mayu na 2023 ta sa wasu sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Na uku, a zauna a rumfar masu gyaran keke a tattara kalmomin sana'ar, a ga waɗanda aka aro aka hausantar, kamar birki da kariya da faci, da waɗanda aka ɗauko daga tsohuwar rayuwa aka ba su sabon aiki, kamar sirdi da aka kwance daga bayan doki.

Kammalawa

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mai keke ya daɗe a hanya, daɗewar nan kuwa ita ce dukiyar da ya dawo da ita: ya san farashin ruwa a inda babu rijiya, ya san garin da har yanzu ake shimfiɗa wa baƙo tabarma da garin da tsoro ya rufe wa ƙofa, ya san sunan kowace irin gajiya. Jami'in da ya tarbe shi zai ba shi kyauta ya sallame shi, ɗan jarida zai ɗauki minti uku ya wuce. Mai ikon zama da shi kwana uku da na'urar ɗaukar magana shi ne ɗalibin Hausa da malaminsa. In ba mu yi ba, nan da 'yan shekaru abin da zai rage na waɗannan tafiye-tafiye shi ne hotuna biyu, na tashi da na sauka, hanyar da ke tsakaninsu kuma ta bi mai ita kabari.